Kada A Firgita Su: Ladabin Sauti A Hamadar Abzin, Tenere Da Tarmit

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya buɗe kunnen ɗan Adam tun yana cikin mahaifiyarsa, tun kafin Ya sakar masa harshe. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, a ƴan shekarun nan hanyar arewa ta cika da ƴan'uwa. Daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, wasu suna tuƙin manyan motoci zuwa Agadas da Dirku, wasu suna haƙar zinariya a duwatsun Abzin da Cibarakatan, wasu suna aiki a filin mai na Agadem, wasu kuma fatauci ne ya kai su. Idan ɗayansu zai tafi, yakan je wajen muƙaddaminsa ya tambayi hukuncin taimama da sallar ƙasaru, da yadda zai rama lazimi idan ya kuɓuce masa a hanya. Tambayoyi ne masu kyau. Sai dai akwai wata da ba a cika yi ba, alhali ita ma tana da nauyi a mizani: wane haƙƙi wurin da zai shiga yake da shi a kansa, kuma da wace irin murya ya kamata ya shige shi?

Ƙasar da aka killace

A watan Janairun 1988 gwamnatin Nijar ta killace gandun Abzin da Tenere. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 77,000, wato ya kusa ninka jahar Maraɗi sau biyu. A tsakiyarsa aka ware wani yanki da ya haura hekta miliyan 1.2 domin wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, dangin gwanki, wadda masana ke kira adaks. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun cikin kayan gadon duniya, a 1992 kuma ta shigar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, saboda rikicin da ya ɓarke a arewa. A 2012 aka killace gandun Tarmit da Tin Tuma, a mahaɗar jahohin Damagaram da Difa da Agadas, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, kafin daga baya a sake shata iyakarsa saboda rijiyoyin mai. Mutanen Maraɗi ma suna da nasu a arewacin Dakoro, wato gandun Gadabeji, wanda aka killace tun 1955.

A waɗannan wurare ne ragowar dabbobin sahara suka fake: adaks, da mena, wato barewar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ɗauki sunanta, da ragon dutse, da yanyawa, da dila, da tsuntsaye masu ƙetare hamada a kowace shekara. Dokar gandu ta hana harbi, ta hana sarar itace barkatai. Amma akwai wani abu da ke ratsa iyaka ba tare da ya bar sawu a ƙasa ba, mai gadin daji ba ya iya kama shi ya ɗaure, kuma yana iya korar dabba daga mazauninta kamar yadda bindiga ke yi. Wannan abu shi ne ƙara.

Hamada ba kurma ba ce

Mutumin gari da ya fara kwana a Tenere yakan ce bai ji komai ba. Gaskiya ya faɗa gwargwadon kunnensa, domin kunnen da ya saba da kasuwar Kadro ko tashar mota sai ya huta kafin ya dawo da kaifinsa. Idan ya ƙara kwana biyu sai ya fara ji: iska tana jan rairayi a kan tudu da wani siririn shuu, gyare yana kuka a gindin ciyawa, tsuntsaye suna sauka kan ruwan da ya taru a kwarmin dutse da hantsi, dila yana kiran ƴan'uwansa bayan magariba, raƙumi yana tuƙa a gefen zango. A garkunan Abzin kuma akwai kukan itacen rijiya, lokacin da dabba ke jan guga. Har rairayin kansa yana da murya: a wasu tuddai na Maroko da Oman, idan yashi ya zamo daga saman tudu, yakan yi wani ruri mai kauri kamar na babbar ganga, a ji shi daga nesa.

Ma'abota ilimi na zahiri suna kiran wannan sautin halitta. Ma'abota zuciya sun san shi da wani suna tun da daɗewa. A Suratul Isra'i Allah Maɗaukaki Ya sanar da bayinSa cewa babu wani abu a sama ko a ƙasa face yana tsarkake Shi, sai dai mutane ne ba su fahimtar irin tasbihin. A Suratun Nur Ya ambaci tsuntsaye masu shimfiɗa fikafikai a sararin sama, Ya bayyana cewa kowanne ya san sallarsa da tasbihinsa. A Suratul An'am Ya nuna cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar mutane. Ya kuma hore wa Annabi Dawuda (AS) duwatsu da tsuntsaye suna amsa tasbihi tare da shi, da yamma da kuma hudowar rana.

Saboda haka wanda ya shiga hamada bai shiga kango ba. Halara ya tarar an riga an zauna, ana zikiri tun kafin a haife shi. Kowane muridi kuwa ya san abin da ake bukata daga wanda ya iso zawiya ya tarar an fara wazifa: ya tuɓe takalmi a hankali, ya nemi wuri ba tare da ya tsallake wuyan kowa ba, ya kashe wayarsa. Wanda zai ji kunyar barin waya ta yi kuka a tsakiyar wazifar mutum ashirin, yaya zai saki hon da kiɗa a tsakiyar halarar da Allah kaɗai Ya san adadin masu zama a cikinta?

A can, kunne shi ne rai

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Babu inda wannan magana ta fi tabbata irin hamada. Yanyawa ƴar ƙaramar dabba ce, amma kunnenta na iya kai santimita 15, kuma da shi take jin motsin ƙwaro ko ɓera a ƙarƙashin yashi, ta tona ta ci. Mujiya da kunne take farauta a duhu. Ɓeran daji da kunne yake sanin mujiyar ta taso. Tsuntsu da kira yake neman abokiyar zama a filin da ido ba ya kai ƙarshensa. Makiyayi ma, Buzu ko Batube, yakan tsaya cik ya kasa kunne domin ya gane inda raƙumarsa ta yi. Allah Ya rataya arzikin waɗannan bayi da tsaron ransu a kan ji, kamar yadda Ya rataya arzikin manomi a kan damina.

Masana suna auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa tana kusan 30, hira tsakanin mutum biyu kusan 60. A wasu gandayen hamada na Amurka an auna shirun da bai kai 20 ba. Sauti yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. A ƙaddara injin da ke fitar da 90 ga wanda ke tsaye a gefensa, tazarar mita ɗaya: a nisan kilomita guda zai iya saura kusan 30. A cikin Damagaram ko Yamai wannan ya riga ya nutse cikin hayaniyar gari, ba mai jin sa. A Tenere kuwa shi ne mafi ƙarfin abin da ke cikin iska. Ƙari a kan haka, rurin injin gas mai kauri ne, kuma sauti mai kauri ya fi siriri tafiya nesa. Da dare da asuba kuma, lokacin da iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti yakan lanƙwaso ya bi ƙasa maimakon ya haye sama ya ɓace, sai ya ƙara nisa. Lokacin nan ne kuwa yawancin dabbobin hamada ke fitowa neman abinci, kuma lokacin ne ake barin injin wuta yana ruri a sansani har gari ya waye.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane mai injin ya riƙe. Idan hayaniya ta ƙaru da desibel 3 kacal, filin da dabba ke iya saurara yana raguwa da rabi. Idan ta ƙaru da 10, kashi ɗaya cikin goma ne ke saura. Wato yanyawar da take da gona mai faɗin hekta goma ta wayi gari da hekta ɗaya, ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2017 ya nuna cewa a kashi 63 cikin 100 na wuraren da aka killace a Amurka, hayaniyar ɗan Adam ta ninka sautin wurin sau biyu, a kashi 21 kuma ta ninka shi sau goma ko fiye. Ƙasa ce mai dukiya da ma'aikatan gandu masu yawa, amma shinge bai tare ƙara ba.

A can ne kuma, a busasshen dajin jahar Niyu Meziko, aka gano cewa cutar ba ta tsaya kan dabba ba. Kusa da rijiyoyin iskar gas masu injin da ke ruri dare da rana, wani tsuntsu mai binne ƴaƴan itace a ƙasa domin ajiya ya ƙaurace wa wurin. Da ya tafi, sai aka rasa mai shuka, ƙananan itatuwa suka yi ƙaranci ƙwarai idan an gwada da wuraren da ke shiru. Itace ba shi da kunne, amma ƙara ta kai gare shi ta hanyar wanda ke yi masa hidima. Haka Allah Ya ɗaure halittu da juna, a taɓa ɗaya sai a ga ɗaya ya girgiza.

Abin da ya shigo arewa

Shekaru aru-aru ayarin gishiri yana ratsa Tenere, daga Abzin zuwa Fashi da Bilma, ɗauke da hatsin ƙasar Hausa, ya komo da kantu da dabino. Dubban raƙuma ne, amma tafin raƙumi ba ya amo a kan yashi. Ayari ya wuce, iska ta share sawu, wuri ya koma yadda yake. A kan wannan hanya akwai wata bishiya tilo da aka sani da Itacen Tenere. Madugai da yaransu sun yi ta wucewa ta gefenta tsara bayan tsara, ba wanda ya sare ta ya dafa shayi. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi, gawarta tana gidan tarihi na Yamai har yau. Abin da dubban matafiya masu tafiya a hankali suka kiyaye, injin guda ya gama da shi a ƙiftawar ido.

Daga nan abin ya yi ta ƙaruwa. An yi shekarun tseren motoci na Faris zuwa Dakar da ke ratsa Tenere. Aka zo neman mai a Agadem, da manyan motocin da ke girgiza ƙasa domin gano abin da ke cikinta, da hanyoyi da sansanoni, har matatar Damagaram ta fara aiki a 2011. A 2014 aka gano zinariya a Jado, sannan a Cibarakatan, dubban mutane suka kwarara arewa da Hilux da babura da injunan wuta da na fasa dutse da nakiya.

Halin adaks ya isa ishara. Dabba ce da Allah Ya yi wa baiwar da za ta iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, laimar ciyawa ta ishe ta. Amma wannan rayuwa a kan tattali take: ta huta da rana, ta yi kiwo da sanyi, kada ta ɓarnatar da ƙarfinta. Ba ta da gudun barewa, kuma idan mota ta kore ta a cikin zafi takan gaji har ta faɗi. Wajen 2010 ana ƙiyasta akwai kusan 200 a yankin Tarmit da Tin Tuma. A watan Maris na 2016 masu ƙidaya suka zagaya ta sama da ta ƙasa, guda 3 kawai suka gani. Masana sun danganta wannan da farautar ɓoye da kuma damuwar da ayyukan mai suka kawo wa wurin. Harsashi ya kashe wasu, amma kafin harsashi akwai rurin da ya raba su da wuraren kiwo da hutawa. Jiminar Abzin kuwa tun a shekarun 1990 aka kusa gamawa da ita, yanzu sai a wuraren kiwo irin na Kelle a yankin Gure ake ƙoƙarin raya irinta.

Abin da Sunna ta koyar

Shari'a ba ta jira masu ma'auni ba kafin ta san cewa firgitarwa cuta ce. A huɗubar da Manzon Allah (SAW) ya yi bayan buɗe Makka, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibnu Abbas (RA), ya lissafa alfarmar Harami: ba a yanke ƙayarsa, ba a cire ciyawarsa, kuma ba a firgita dabbar dajinsa. A lura, hanin bai tsaya ga kisa ba, ya haɗa da razanarwa. Ikrima, almajirin Ibnu Abbas, ya fassara wannan da cewa ko mutum ya tashi dabba daga inuwa domin shi ya zauna a wurin, ya shiga cikin hanin. Abu Huraira (RA) kuma yana cewa da zai ga bareyi suna kiwo a cikin Madina, ba zai razana su ba, saboda alfarmar da Annabi (SAW) ya sanya wa garin.

Tenere ba Harami ba ce, kuma ba wanda zai ɗora mata hukuncin Makka da Madina. Amma a nan muridi yake ganin yadda wuri mai aminci yake a wajen Allah: wuri ne da har barewa take kwana ba fargaba. Bayan wannan, Musulunci ya san killace ƙasa domin maslaha, abin da malamai ke kira hima. Annabi (SAW) ya killace Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (RA) ya killace Rabaza. Idan hukuma ta killace wuri domin amfanin jama'a da kare halittu, kiyaye wannan iyaka yana cikin cika alkawari, ko da babu mai gadi a kusa.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud (RA) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata ƴar tsuntsuwa, ta zo tana kaɗa fikafikai a kansu. Da Annabi (SAW) ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da su. Tashin hankalin tsuntsuwa ya isa ya tsayar da Shugaban halitta.

Game da tuƙi kuwa, a ranar Arfa, da mutane suka taso zuwa Muzdalifa, Annabi (SAW) ya ji tsawa da dukan raƙuma a bayansa. Sai ya ɗaga bulalarsa ya yi musu nuni, ya umarce su da natsuwa, ya sanar da su cewa ba a samun alheri da gaggawar tuƙi. Buhari ne ya ruwaito. Wannan hadisi ya cancanci kowane direban hanyar arewa ya san shi kamar yadda ya san rijiyoyin hanya.

Har a zikiri an koyar da sassautawa. Abu Musa Al'ash'ari (RA) ya ba da labarin wata tafiya da sahabbai suke ɗaga murya da kabbara duk lokacin da suka hau tudu, sai Annabi (SAW) ya ce su sauƙaƙa wa kansu, domin Wanda suke kira Mai ji ne, Makusanci. Luƙman ya yi wa ɗansa wasiyya da ya daidaita tafiyarsa, ya sassauta muryarsa. A ƙarshen Suratul A'araf an yi umarni da ambaton Allah a cikin rai, da ƙanƙan da kai, ba da kururuwa ba.

Wannan ba ya nufin duk ɗaga murya a daji laifi ne. Abu Sa'id Alkhudri (RA) ya shawarci wani mai son tumaki da zaman daji da ya ɗaga murya idan zai kira salla, domin duk abin da ya ji kiran, mutum ko aljan ko wani abu, zai yi masa shaida ranar Ƙiyama, ya kuma ce daga Annabi (SAW) ya ji haka. To, ga mizani. Kiran salla murya ce ta ɗan Adam, ta minti biyu ko uku, a lokaci sananne, sannan shiru ya dawo. Kuma idan halittun daji za su yi shaida a kan kiran sallar da suka ji, to masu ji ne, masu shaida ne. Mai hankali zai tambayi kansa wane irin sauti kuma suka ji daga gare shi.

Uzurin mai neman halali

Wani zai ce: talaka ya bar iyali babu hatsi a rumbu, ya tafi ya sha ƙishirwa a ramin zinariya, sannan a zo ana yi masa wa'azin yanyawa? Maganarsa tana da gaskiya a ciki. Neman halali ibada ne, kuma zinariyar arewa ta rufa asirin gidaje da yawa a kudu. Ba a ce kowa ya ajiye aikinsa ba, kuma babban nauyi yana kan hukuma da manyan kamfanoni, waɗanda ke da ikon tsara hanya da sansani nesa da wuraren kiwo da ruwa.

Amma ƙara iri uku ce. Akwai ta larura: mota ba ta tafiya sai da inji, dutse ba ya fashewa da lallashi. Akwai ta sakaci: salansar da ta fashe aka ƙi gyarawa, injin wuta da ke kwana yana ruri domin cajin waya biyu, mota da aka bari a kunne ana shan shayi a bakin rijiya. Akwai kuma ta alfahari da wasa: cire salansar babur da gangan, sakin kiɗa a tsakar dare, harbi sama don murna, bin barewa da mota domin a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ta farko ana fatan afuwa a kanta gwargwadon bukata. Ta biyu da ta uku kuwa babu ɗan da suke ciyarwa, kuma ƙa'idar Shari'a sananniya ce, ba a cutarwa, ba a rama cuta da cuta.

Mai ƙarar ma bai tsira ba. Likitoci sun tabbatar cewa zama cikin sautin da ya kai desibel 85 na tsawon awa takwas a kullum yana lalata ji, kuma ƙananan gabobin da ke cikin kunne idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Matashin da ya yi shekara biyu a gindin injin fasa dutse ba tare da toshe kunne ba zai iya komawa gida da kuɗi a aljihu, amma kiran asuba yana wuce shi, karatun limami ya zama masa gunaguni. Ji amana ne, kuma Alƙur'ani ya ambace shi tare da gani da zuciya cikin abubuwan da za a yi tambaya a kansu.

Tsawar ƙarya

A hamadar Kalifoniya akwai wani kwaɗo da ke binne kansa a ƙasa yawancin shekara, kamar yadda kwaɗin nan ƙasar ke ɓacewa da rani. Alamar da yake jira ita ce rugugin tsawa da saukar ruwa. Wani bincike da aka wallafa a 1983 ya nuna cewa ƙarar babur tana iya ruɗinsa, ya tono kansa ya fito yana zaton damina ce, ya tarar da busasshiyar ƙasa, ya ɓarnatar da ɗan ruwan jikinsa da ya yi tattali.

Akwai darasi ga muridi a cikin wannan. Zuciya ma tana da tsawar da take jira, wato kiran Ubangijinta. Duniya kuwa cike take da rurin da ya yi kama da tsawa: labari, gardama, yabo, saƙon da ke shigowa waya ba dare ba rana. Duk wanda ya ji ta zabura ta fito, ba ta tarar da ruwa ba, har ranar da hadarin gaskiya zai taso ya same ta a gajiye. Shi ya sa Sahlu Tustari da sauran magabata suka lissafa shiru cikin ginshiƙai huɗu na tarbiyyar rai, tare da rage ci da rage barci da kaɗaita. Suka kuma raba shi biyu, shirun harshe da shirun zuciya, na farko ƙofa ne zuwa na biyu.

Ba banza ba ne manyan buɗi suka zo a wuraren da babu hayaniya. An sanya wa Annabi (SAW) son kaɗaita a kogon Hira kafin saukar wahayi, kuma ya faɗa cewa babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba. Shehu Ahmadu Tijjani (RTA) ya bar manyan birane ya zauna a Abi Samgun, ƙauye a bakin sahara, a can ne ya sami babban buɗi a shekara ta 1196 bayan Hijira. A duwatsun Abzin kansu, tun ƙarni na 16, Sidi Mahmud Albagdadi ya tarbiyyantar da almajirai a kan zikiri da halwa. Shirun hamada gado ne na ma'abota Allah. Idan ya ƙare, dabbobi sun yi asara, su ma masu neman Allah sun rasa wata makaranta da ba a gina irinta da siminti.

Ladubban da za a riƙe

Ɗan'uwan da hanya ta kai shi gandun daji ko kusa da shi, ya bi hanyar da aka saba bi, kada ya buɗe sabuwa don rage nisa. Idan ya hangi dabba ya rage gudu, ya bar ta ta wuce, kada ya bi ta ko da da niyyar kallo. Ya gyara salansarsa kafin ya bar gari. Idan ya iso rijiya ko wurin ruwa ya kashe inji, kuma kada ya yi zango a bakin ruwan, domin akwai masu jiran dare su zo su sha. Ya ajiye hon sai inda rai ke cikin haɗari.

A sansani, a sa wa injin wuta lokaci, a kashe shi idan an yi isha'i. A haƙa masa rami ko a kewaye shi da buhunan yashi, wannan kaɗai yana rage amonsa sosai. Inda faifan hasken rana zai wadatar, shi ya fi. Mai aiki a gindin inji ya toshe kunnuwansa, mai gidan aiki kuma ya san cewa kunnuwan yaransa suna wuyansa. Idan ƴan'uwa suka taru don wazifa a daji, muryoyinsu sun isa, ba a bukatar lasifika a inda babu wanda ake kira daga nesa.

Wanda bai taɓa zuwa arewa ba shi ma yana da rabonsa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya tuna musu cewa kowannensu yana ganawa ne da Ubangijinsa, kada sashe ya cutar da sashe. Maras lafiya a maƙwabta, da jariri, da ɗalibi mai bita, da tsoho mai tsayuwar dare, duk suna da haƙƙi a kan shirun dare. Wanda ya koyi juya lasifikar zawiya zuwa ciki saboda maƙwabci, ba zai sha wuya ba wajen kashe inji saboda barewa. Ladabi ɗaya ne.

Sannan kowane muridi ya ware wa kansa ɗan lokaci, ko da minti goma bayan lazimin safe, ya zauna ba waya, ba rediyo, ba magana, ya saurari abin da ke kewaye da shi: kurciya a kan katanga, iska a cikin darbejiya, numfashinsa. Wanda ya ɗanɗani wannan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ake tsoron rasawa a Tenere.

Allah Ya kiyaye matafiyan arewa, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya da arziki na halal. Allah Ya tsare halittunSa raunana daga cutar bayinSa, Ya sanya ƴan'uwa cikin masu tafiya a bayan ƙasa da sauƙi, waɗanda dutse da itace da tsuntsu za su yi wa kyakkyawar shaida. Allah Ya ba su kunne mai ji da zuciya mai natsuwa, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.